Tankar Yaƙi Mai Kashe Gobara: Tuban Muzuru Ne

Makon nan ni aka miƙa wa alƙalami, kuma tun kafin na fara ina neman afuwar waɗanda zan taka, don suna da yawa, har da manyan da nake jin nauyinsu.

Bidiyon nan na tankar yaƙi da aka cire wa igwa, aka shafa mata jan fenti, aka ɗora mata bakin feshin ruwa, ya shigo wayata ya fi sau bakwai cikin kwana goma. Kowa ya turo sai ya haɗa da addu'a: Allah ya ba mu shugabanni masu tunani irin na Turawa, su kwashe tankokin da ke ruɓewa a barikoki su mai da su motocin kwana-kwana, a kai Kantin Kwari, a kai Sabon Gari, a huta da gobarar kasuwa. Wani ɗan uwa har ɗan wa'azi ya yi a kai, wai ga makamin kisa ya tuba ya koma ceton rai. Na yi ta haɗiye maganar, amma da na ga an fara cewa a rubuta takarda a kai wa 'yan majalisa, sai na ce a'a, gara a yi ta yanzu. Na fi shekara ashirin ina kanikancin katafila da gireda a kamfanonin aikin hanya, kuma duk abin da ke tafiya a kan sarƙa dangin juna ne, ciwonsu ɗaya, cinsu ɗaya. Don haka ku ba ni kunne.

Mu fara da maganar tuba. A watan Nuwamba 1990 ƙasashen NATO da na ƙawancen Warsaw suka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar rage makamai a Turai, aka ce kowane ɓangare kada ya wuce tankoki 20,000. Abin da ya haura sai a yanka a narka, ko kuma a mai da wani ɗan kaso aikin farar hula, kuma cikin ayyukan da aka yarda da su har da katafila da motar kashe gobara. Tarayyar Sobiyat ta riga ta fara irin wannan aiki tun kafin nan don gadin rumbunan makamanta, amma a wannan lokacin ne ƙarfen ya yi yawa har aka rasa inda za a kai shi. T-55 da 'yar uwarta T-54 kaɗai an ƙera kusan 100,000, ba tankar da aka taɓa ƙerawa da yawa kamarsu a duniya. Kun ga ke nan rarar kaya ce aka nemi yadda za a yi da ita. Da yaƙin Ukraine ya yi zafi a 2022 da 2023, me aka yi? Rasha ta koma filayen da ta jibge tsofaffin T-62 da T-55 tana tono su tana turawa fagen daga, Turawan Yamma su ma suka kakkaɓe tsofaffin Leopard 1 suka aika. Masana'antar Lviv a Ukraine, wadda ta yi suna wajen haɗa tankar kashe gobara samfurin GPM-54, babban aikinta ai gyaran tankokin yaƙi ne, jan fentin aikin gefe ne. Wannan shi Bahaushe ke kira tuban muzuru, ana tuba kaza na baki.

Sannan ku duba wuraren da aka yi amfani da ita da gaske, ku ga ko akwai kasuwa a ciki.

Wadda ta fi shahara ita ce ta mutanen Hungary, da ake yi wa laƙabi da Big Wind, wato babbar iska. Gangar jikin T-34 ce ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka cire kan igwar aka ɗora injinan jirgin yaƙi MiG-21 guda biyu, aka jera bakunan ruwa a samansu. In an tada injinan, iskar da ke fita tana ɗaukar ruwan ta maka wa bakin rijiyar mai, ƙarfin iskar ya yanke man daga harshen wutar kamar yadda kake hure fitila, ruwan kuma ya sanyaya ƙarfen don kada ta sake kamawa. Abin kallo ne wallahi, ni ma na maimaita bidiyon ban san adadi ba. Me ya sa aka zaɓi gangar tanka? Saboda nauyi. In ka ɗaura waɗannan injinan a kan tirela, tirelar ce za ta yi baya. A Kuwait aka yi aikin a 1991, bayan sojojin Iraƙi sun cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta suna janyewa. To rijiya nawa babbar iskar ta kashe? Tara. Kamfanin Safety Boss na Kanada shi kaɗai ya rufe wajen 180, ga su Red Adair da Boots and Coots da Wild Well Control na Amurka, ga tawagar 'yan Kuwait kansu, duk da katafila da dogayen ƙarafa da famfo suka yi aikinsu har aka rufe rijiyar ƙarshe ranar 6 ga Nuwamba 1991. Abin da ba ya fitowa a bidiyo kuwa shi ne wanda ya ci yaƙin: bututan da ke kai mai bakin teku aka juya su suka riƙa kawo ruwan teku cikin hamada, aka haƙa tafkuna kusa da rijiyoyi aka cika. Kafin nan kuma sai da aka bi aka tsince nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba. Ba don wannan ruwan ba, da babbar iskar ƙara kawai za ta yi ta yi.

Ku riƙe maganar ruwan nan, za mu dawo kanta.

Jamus ita ce ƙasar da ake ganin jar tankar tana aiki kusan duk bazarar da ta yi zafi, kuma dalilin abin tausayi ne. Dazuzzukan gabashin ƙasar cike suke da harsasai da gurneti da aka bari tun yaƙin duniya da kuma atisayen sojoji na shekaru da dama. A ƙarshen watan Yuni 2019 wuta ta kama tsohon filin atisayen soja na Lübtheen, ta ci sama da hekta 900, aka kwashe ƙauyuka, kuma 'yan kwana-kwana ba su da izinin matsawa kusa da wutar ƙasa da mita 1,000, don ƙasar da kanta harbi take yi. A watan Agusta 2022 wuta ta tashi a dajin Grunewald cikin birnin Berlin, a wurin da 'yan sanda ke tara tsofaffin bama-bamai kafin su fasa su. Aka rufe babbar hanyar mota ta kusa da wurin kusan mako guda. Nan ne aka shigo da tankar kashe gobara da ƙananan injinan da ake tuƙawa daga nesa, suka riƙa shiga suna sanyaya ƙasa suna fita. A nan na sara mata, domin aiki ne da ba uwar da za ta yarda ɗanta ya shiga da tiyo a hannu. Amma wa ya zuba bama-baman a dajin tun farko?

Akwai ma wanda ya fi wannan. A watan Satumba 2018 sojojin Jamus suka gwada rokoki daga jirgi mai saukar ungulu a filinsu na Meppen, a tsakiyar fari, wuta ta kama busasshiyar fadama ta shiga ƙarƙashin ƙasa. Suna da motocin kashe gobara masu sarƙa guda biyu da aka tanada don irin wannan ranar. Ɗaya tana gareji, ɗayar kuma ta lalace ana cikin aiki. Wutar ta fi wata guda tana ci. Jamus fa, ƙasar da muke sayen gwanjon motocinta muna alfahari. Duk wanda ya taɓa jiran ƙarfen katafila ya iso daga Legas ya san abin da ya faru ba sai an gaya masa ba.

Ukraine kuwa ita ce gidan waɗannan tankokin, tana da su iri-iri, har da wadda aka ɗora wa bututu 50 masu harba garin kashe wuta a kan gangar T-62. Duk da haka rumbun makamai na Balakliia ya tashi a watan Maris 2017 aka kwashe mutum wajen 20,000, na Kalynivka ya bi baya a watan Satumba na shekarar, na Ichnia a watan Oktoba 2018. An tura tankokin, sun yi abin da za su iya, sun hana wuta tsallakawa wasu sassa, sun kashe ragowar bayan fashe-fashen sun lafa. Amma da zarar rumbu ya fara amai, ba tankar da ke tsayar da shi, kowa jira yake ya gaji don kansa.

To kun ga jerin: rijiyar da soja ya cinna wa wuta, dajin da soja ya shuka wa harsashi, rumbun da soja ya cika da albarushi. Motar nan an yi ta ne don wuta mai ramawa, wutar da in ka matso za ta jefe ka da ƙarfe. Gobarar kasuwa ba ta harbi. Atamfa da shadda da katifa ci kawai suke yi da sauri, kuma abin da suke bukata shi ne a iso da wuri, da ruwa mai yawa, da hanyar shiga. Duka ukun nan tankar yaƙi ce ta ƙarshe a aji.

Bari mu yi lissafi irin na gareji. Mu ɗauki SPOT-55 ta ƙasar Czech, wadda ita ce ake yawan gani a Jamus kuma tana cikin masu kyau. Tana ɗaukar ruwa lita 11,000. Ana jin adadin sai a ce kai! To jarka 440 ce ta mai ruwa, kashi ɗaya cikin uku na tankar fetur mai lita 33,000 da muke gani kullum a hanya. Bakunan feshinta biyu ne, kowanne yana fitar da lita 1,250 a minti. A buɗe su duka, ko minti biyar ba za a yi ba tankin ya ƙare. Daga nan fa? Sai ta tsaya tana jiran tankar ruwa kamar kowace motar kwana-kwana, ko ta juya da nauyinta ta tafi neman ruwa. Mu da kukanmu kullum shi ne mota ta zo ta yi feshin minti kaɗan ruwa ya ƙare, matasa su hau jifan ma'aikatan da ba su da laifi, shin sulke ne maganin wannan? Sai dai in don ya kare su daga jifan.

T-55 tsurarta tan 36 ce, in an ɗora tankin ruwa da famfo da garmar gaba ta haura tan 40. Faɗinta ya wuce mita uku. Ku rufe ido ku tuna layin da kuke bi a Kantin Kwari, inda mai baro da mai ɗaukar dila ke rigima kan wa zai wuce, inda an kafa tebur a kan kwalbati an ɗaura rumfa a kan wayar wuta. Ta ina za ta shiga? In ta shiga da ƙarfi, abin da wuta ta bari ita za ta rushe shi. Kuma injin mai sarƙa ba ya zuwa wurin aiki da ƙafarsa. Ana ɗora shi a kan lobed, a ɗaure, a kai shi, a sauke. Na sha kwana biyu a bakin hanya ina jiran lobed don a matsar da katafila tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba, yau direba ba ya nan, gobe ba taya, jibi ba a sa hannu a takardar mai ba. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris 2016 cikin dare ta tashi. Wa zai tashi direban lobed ƙarfe ɗaya na dare? In kuma aka ce ta tako da kanta, gobe sai a ba da kwangilar gyaran kwalta daga bariki har kasuwa, ga man dizal wajen lita biyu kowace kilomita, wannan ma a hanya mai kyau.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a akwatin saƙo: ai tankokin suna nan zube suna tsatsa, kyauta ne, ko ba komai an rage asara. Ɗan uwa, injin da ya shekara goma sha biyar a rana bai motsa ba gawa ne. Robobi sun bushe, tiyo ya tsage, wayoyi ɓeraye sun ci, sarƙa ta kafe, giya ta sha ruwan damina. Na taɓa shiga aikin tada wata katafila da aka ce mana kyauta aka samo ta, aka kashe kuɗin da ya kusa sayen wata mai rai, ta yi aikin wata uku ta koma inda ta fito. Kuma wannan tada injin ne kawai. Kafin tanka ta zama motar kashe gobara sai an ɗage kan igwar, an ƙera tankin ruwa, an sa famfo, an sa abin da zai riƙa yayyafa wa jikinta ruwa don kada ta gasa mutanen ciki, an tanadar musu iskar shaƙa, an sa kyamara don direban tanka ta ɗan tsagi yake kallon duniya ko ba hayaƙi. Sulken ma an tsara shi ne don harsashin da zai zo ta gaba, ba don zafin da zai lulluɓe ta ta ko'ina ba, kuma ƙarfe in ya ɗau zafi tanda ne. Injinta shi ma iska yake shaƙa, in hayaƙi ya yi kauri yana iya mutuwa a tsakiyar wuta da mutane a ciki. Shi ya sa sababbin ake ƙoƙarin tuƙa su daga nesa. Gangar jikin da kuke cewa kyauta ce, ita ce mafi araha a cikin lissafin. Ragowar kuwa kwangila ce, kuma kun san yadda kwangilar abin da ba wanda ya san farashinsa take ƙarewa a ƙasar nan: a kawo guda biyu, a yanka ƙyalle, a ɗau hoto, bayan shekara uku akuya na kwana a inuwarsu. Da kuɗin guda ɗaya rijiyoyin burtsatse nawa za a haƙa a kasuwa, da tankunan ajiyar ruwa, da bakunan famfon da motar kwana-kwana za ta jona tiyo?

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce ba mu da wuta mai ramawa. Muna da ita, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi da bidiyon, don ya ɗauke hankalinmu daga inda ya kamata mu kalla. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya tashi a tsakiyar Legas. Mutum sama da 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba. Gudu suka yi cikin duhu da firgici suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa da ciyawa ta rufe, mata da yara, wasu a kan wasu. A watan Maris 2012 aka yi irinsa a unguwar Mpila ta Brazzaville, a watan Maris 2021 a Bata ta Equatorial Guinea inda sama da mutum 100 suka rasu. Daren 18 ga Yuni 2024 rumbun Goudji a N'Djamena ya kama, kusa da filin jirgi, makamai suna tashi suna faɗawa gidajen mutane, hukuma ta ce mutum tara sun mutu, 46 sun jikkata. 'Yan uwanmu na Chadi da ke cikin wannan zaure sun ga daren da idonsu. A 2025 ma mutanen Maiduguri sun kwana ba barci saboda fashe-fashe a barikin Giwa, sojoji suka ce tsananin zafi ne ya tada albarusan.

In akwai inda jar tanka ke da gurbi a ƙasashenmu, to nan ne, a cikin shingen rumbun, injinta na tashi kowane mako, tankinta cike, da tafkin ruwa a gefenta, da direban da ke kwana kusa da ita. Amfaninta na mintunan farko ne, lokacin da ciyawa ce ke ci ko akwatin katako, kafin wuta ta kai ga abin da ke fashewa, lokacin da mai tiyo zai ji tsoron matsawa kuma yana da gaskiya. Kuma kuɗinta daga kasafin tsaro zai fito. Wanda ya tara albarushin shi zai sayi abin kashe wutarsa, ba a taɓa ɗan abin da aka ware wa hukumar kashe gobara ta jiha ba, wadda ko takalma da rigunan ma'aikatanta ba su ishe ta ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ko a nan ɗin ma ita ce ta ƙarshe a layi. Barikokin da aka gina a bayan gari shekara hamsin da suka wuce yau gari ya haɗiye su, makarantu da gidaje da kasuwar mami sun manne da katanga. Albarushi kuma yana tsufa kamar magani, in ya daɗe a zafin watan Afrilu sinadarin cikinsa na lalacewa har ya iya kamawa da kansa. Aikin da ke ceton rai ba ya kyau a bidiyo: a fitar da manyan rumbuna daga cikin gari, a lalata abin da ya tsufa, a raba ɗakunan ajiya da tudun ƙasa don in ɗaya ya tashi kada ya tada na kusa, a nome ciyawa kafin rani, a gaya wa unguwannin da ke kewaye ta inda za su bi in abu ya faru. Mutanen Oke-Afa da an taɓa gaya musu ta ina za su gudu, da yawansu yau suna da jikoki.

Saboda haka masu shirin rubuta takarda zuwa majalisa, ban hana ku ba, ni ma zan sa hannu, amma a sauya abin da ke ciki. A tambayi rumbunan makamai nawa ne ke tsakiyar unguwanni a Kaduna da Kano da Maiduguri da Jos, yaushe rabon da a duba shekarun abin da ke cikinsu, kuma wace mota ce ke tsaye a bakinsu da ruwa a cikinta yau da nake wannan rubutu. A takarda ta biyu a tambayi hukumomin kasuwanni ina kuɗin harajin da ake karɓa kullum yake tafiya, tunda har yanzu motar kwana-kwana sai ta bar wuta tana ci ta tafi ɗebo ruwa.

Wanda yake ganin na zalunci tankar, fili na nan a ƙasa, kuma zan amsa wa kowa in sha Allahu bayan sallar isha'i. Sharaɗina ɗaya ne: ka zo da amsar inda za ta samo ruwa a minti na shida.